Manhaja Mai Lamba Bakwai

Idan aka bi ta abin da waya ta rubuta, Baba ya leƙa lahira sau tara a cikin kwana goma sha ɗaya, kuma kowace la'asar yakan koma saurayi ɗan shekara ashirin da biyar na tsawon minti huɗu.

Ɗansa na zaune a ofis da safiyar Litinin, ya ƙura wa zanen awon jinin tsohon ido. Layin ya hau, ya faɗo, ya sake hawa kamar haƙoran zarto. Ɗari da talatin. Ɗari da saba'in. Ɗari da goma sha biyu. Sannan kusan kowace rana da hantsi, ga wani jan ɗigo can sama shi kaɗai, ɗari biyu da goma ko fiye.

Shi dai ba likita ba ne. Ƙididdiga ya karanta a jami'a, ya shekara goma sha tara a ma'aikata yana tara alƙaluman da babu mai karantawa. Wata rana Darakta ya dawo daga taro da sabuwar jaka da sabuwar damuwa: manhajojin lafiya sun cika wayoyin jama'a, dole a tantance wacce za a amince da ita. Aka kafa kwamiti mai mutum huɗu. Ɗaya yana hutu, ɗaya ya yi ritaya ba a lura ba, ɗaya kuma Darakta ne da kansa. Aiki ya faɗo kan na huɗun. Abokan Baba suka laƙaba masa Likitan Waya, sunan ya bi shi har ofis ya zauna.

Ya yi aikin tsakani da Allah. Ya tsara fom mai tambayoyi goma sha huɗu. Su wa suka ƙera manhajar? Akwai likita a cikinsu, ko 'yan kasuwa ne zalla? Ina take kai bayanan mutane? Ana iya goge abin da ta rubuta a ɓoye? Ya gwada guda goma sha biyu a jikinsa. Wata ta tambaye shi watan cikinsa nawa bayan ya gaya mata shi namiji ne. Wata ta ce ciwon kansa ko dai gajiya ne ko ajali, ta kuma tallata masa wani shayi. Duk sha biyun suka riƙa ƙara a aljihunsa dare da rana, har ya gaji ya kashe musu ƙararrawa gaba ɗaya. Mai lamba bakwai ce ta zo ta ɗaya, da maki goma sha huɗu cif.

Ita ya zaɓar wa Baba. Tsohon mai gyaran agogo ne, yanar ido ta rufe masa idanu biyu, har ya kai yana gaishe da turken lantarki yana tambayarsa iyali. Agogunan mutane na nan cikin gwangwani suna jiransa shekara guda. Likitar ido ta sa ranar yi masa aiki, Alhamis mai zuwa, amma da sharaɗi: ranar da ta auna shi jininsa ya hau, don haka a kawo mata awon gida na mako biyu. In ya daidaita, za ta yi. In bai daidaita ba, za ta ba wani gurbin, Baba kuma ya jira wata biyar. Likitan Waya ya sayi na'urar awo mai ɗamara, ya haɗa ta da tsohuwar wayarsa, ya bar wa Baba duka biyun. Duk abin da na'urar ta auna, manhajar za ta rubuta, ta kuma turo masa. Sai yau, saura kwana uku, ya tuna ya duba.

Darakta ya leƙo ƙofa. "Likita, rahoton nan fa? Juma'a nake son sa hannu."

"Ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala da lamba bakwai."

"Ba ita ta zo ta ɗaya ba?"

"Ita ce. Amma ko dai ƙarya take yi, ko kuma mahaifina yana mutuwa."

Darakta ya dubi rufi, kamar mai neman sashen da magana ta shafa. "Allah ya ba shi lafiya. A fom ɗinka akwai gurbin wannan?"

"Babu."

"To, ka gani." Ya ja ƙofa.

Likitan Waya ya rubuta wa masu manhajar. Amsa ta zo cikin daƙiƙa biyu, ta ce lafiyarsa ita ce farin cikinsu, ya kashe wayar ya sake kunnawa. Ya kashe ya kunna. Baba yana nan yana mutuwa da hantsi, yana warkewa da la'asar.

Yana tashi daga aiki ya nufi gidan iyayensa. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana ninke wanki, ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali.

"Inna, ina Baba?"

"Ya tafi aiki."

"Wane aiki kuma?"

"Je ka shagon Tela ka gani. Tun da ka kawo abin nan Malam ya buɗe asibiti."

"Da hantsi fa, yaya jikinsa yake? Yana jiri? Yana kukan ciwon kai?"

"Da hantsi barci yake kamar jariri," in ji ta. Ta warware zanen da ta riga ta ninke, ta sake ninke shi.

Shagon Tela yana bakin layi, da dogon benci a gabansa. Tsofaffi biyar na zaune a jere, kowa ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Baba yana kan kujera a tsakiya, yana lalubar damtsen Mahauci yana ɗaura masa ɗamara da yatsun da suka saba da ƙananan ƙusoshi. Na'ura ta yi gurnani, ta huce. Tela ya sauke tabarau ya duba.

"Ɗari da saba'in da biyu. Mahauci, ka ƙaru da huɗu."

"Baƙi muka yi jiya, dangin matata."

"Kitse ne," in ji Direba, wani siririn tsoho da ya shekara arba'in yana jan babbar mota. "Duk abin da bai sayu ba shi kake ci."

"Na gaba," in ji Baba.

Direba ya miƙa hannu, da guntun sigari a bayan kunne. Ɗari da goma sha biyu. Bencin ya yi tsaki baki ɗaya. Likitan Waya ya tsaya yana kallon saurayin da ya hana shi sukuni tun safe, shekarunsa saba'in da ɗoriya, haƙoransa shida.

Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya durƙusa kusa da kujera. "Baba, na'urar nan taka ce kai kaɗai."

"Ai ba cinye ta suke yi ba."

"Duk wanda ka auna, da sunanka manhajar take rubutawa."

Baba ya juyo da fuska wajen da muryar ke fitowa. "Ba ta gane hannuna ba?"

"Ba ta gane hannu."

"Kai fa ka ce min ta fi 'yan'uwanta hankali. Ka ce ta ci jarrabawa."

"Ta ci."

"Damtsen Mahauci ya yi biyun na babanka," in ji Tela. "Ni ko a duhu aka miƙo min zan bambance. Wace irin jarrabawa kuka yi mata?"

Ya buɗe baki zai yi bayanin tambayoyi goma sha huɗu, sai ya fasa. "Mutum nawa kuka auna?"

Suka fara lissafi. Su biyar kullum. Mai wanki sau uku. Limamin layi, amma ya ce kada a faɗa. Wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya. Da aka kai ashirin da uku sai gardama ta kaure kan ko surukin Mahauci ya zo sau ɗaya ne ko sau biyu.

Likitan Waya ya zauna a ƙarshen benci. Awo ɗari da arba'in da wani abu, na mutum ashirin da uku, duk da sunan tsoho ɗaya. Manhajar ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma babu gaskiya ko ɗaya a cikin abin da ta rubuta. Ya ce zai goge na sauran, sai ya tuna bai san na wa zai bari ba. Ya kuma tuna lamba bakwai ba ta yarda a goge komai. Shi da kansa ya ba ta maki a kan haka.

"Shi ke nan, Baba. Likita ba za ta karɓi wannan ba. Sai bayan wata biyar."

 Baba ya shafa ɗamarar da ke cinyarsa.

"Na babanka kaɗai kake so?" in ji Tela. "Taso."

Ya shigar da shi shago, ya tura ƙyaure ya rufe. A bayan ƙyauren, daga sama har ƙasa, lambobi ne jere da allin ɗinki. Kowane layi da alama a kansa: agogo, wuƙa, sitiyari, almakashi. Kowace rana an ja mata ƙaramin layi a kwance. Baƙi kuma suna can gefe, a ƙarƙashin alamar tambaya.

"Ni abin da na auna ba na barinsa a iska," in ji Tela. "Shekara arba'in da biyu ba a taɓa dawo min da wando ba."

"An dawo da nawa," Mahauci ya faɗa daga waje.

"Kai ka ƙara ƙiba, ba wandon ne ya rage ba."

Likitan Waya ya ciro wayarsa ya fara haɗa lamba da lamba. A karon farko cikin shekara goma sha tara, karatunsa ya yi wa wani amfani. Layin agogo bai taɓa wuce ɗari da talatin da takwas ba. Yana aikin yana yi wa ƙyauren tambayoyin fom a zuci. Wa ya ƙera shi? Kafinta. Akwai likita a ciki? Babu. Ina yake kai bayanai? Ba ya zuwa ko'ina, amma duk wanda ya rufe ƙofa zai karanta. Ana iya gogewa? Da yawu ma. Maki biyu cikin goma sha huɗu, in an yi masa sassauci.

Kafin magariba kowace lamba ta sami mai ita, ban da jajayen ɗigo tara na hantsi. Babu su a ƙyaure.

"Mu ba ma zama da hantsi," in ji Tela.

"Da hantsi jakar na'urar tana rataye a ƙusa, ni kuma ina kwance," in ji Baba.

"To, aljanin gidanku ne ke da hawan jini," in ji Mahauci. "Ku rage masa gishiri."

Aka yi dariya, ban da Likitan Waya. In babu mai ɗaukar waɗannan tara, Likita za ta ɗora wa Baba su, kuma tana da gaskiya. In kuma na'urar ce ke auna iska tana ƙirƙiro lamba, to layin agogon ma ba abin yarda ba ne. Ya koma gida bai san wa zai zarga ba, na'ura, manhaja, ƙyaure, ko tsohon da ke rantsuwa barci yake.

Washegari ƙarfe goma ya ce wa Darakta zai je binciken fili. Ya ajiye mota a bakin layi, ya kunna wa lamba bakwai ƙararrawarta, ya ɗora wayar a cinya. Goma da rabi da minti huɗu ta yi ƙara. Ɗari biyu da goma sha huɗu.

Ya shiga gidan ba sallama. Ta labulen ɗaki ya hango Baba kwance, ya juya wa ƙofa baya. Babu jaka a ƙusa. A kicin, bayan buhun gawayi, Inna na zaune a kan 'yar kujera, ɗamara a damtsenta, tsohuwar wayar a cinyarta, fuskar wayar jawur.

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi yunƙurin ɓoye komai ba. "Yau ba aiki?"

"Inna, tun yaushe?"

"Wa ya gaya maka?"

Ya nuna mata wayarsa. Ja iri ɗaya, lamba iri ɗaya. Ta dubi tasa, ta dubi ta cinyarta, ta daɗe tana kallo.

"Ita ta kai maka?"

"Duk abin da aka auna tana turo min."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Ashe munafuka ce." Ta fara kwance ɗamarar a hankali. "Ni kuwa na yarda da ita don na ga ba ta da baki."

Tambaya ta tara a fom ɗinsa ita ce riƙon sirri. Lamba bakwai ta cinye makin, da takardar shaida daga ƙasashe biyu.

Da ƙyar ya tatso maganar. Wata uku kenan kanta yana sara, kunnenta yana kuka. Lambobin ba su ce mata komai ba, launi take kallo. Ta ga ana nuna wa Malam kore, shi ne kullum take gwadawa ko nata zai koma kore. Ta rage gishiri. Ta daina shayi. Ja dai.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In aka kwantar da ni, wa zai ɗiga masa magani a ido? Likita ta ce sau huɗu a rana har wata guda. Kai za ka yi? Kana kwamiti." Ta naɗe igiyar na'urar a yatsunta. "Jira nake a gama nasa."

"Inna, wannan lambar ba a jira da ita. Ɗauko mayafinki."

"Zan je. Amma ba za ka gaya wa Malam ba sai an fito da shi. In ya ji, jininsa zai hau, a fasa. Ka yi alkawari, ko kai ma irinta ne?"

Ya yi alkawari. A asibiti aka auna ta sau uku, aka zaunar da ita awa huɗu, aka yi mata faɗan da ba ta saurara ba, aka sallame ta da ƙwayoyi iri biyu da ranar dawowa. Ta ɓoye ƙwayoyin cikin gwangwanin allura da zare. Aka gaya wa Baba unguwa ta je.

Ranar Alhamis Likitar ido ta karɓi takardu shida da ya buga daga manhajar. Ta duba shafin farko, ta duba Baba da ke zaune lafiya lau da hula a ka, ta sake duba shafin.

"Wannan na mutum ɗaya ne?"

"Na ashirin da huɗu ne, Likita." Ya miƙa mata hoton da ya ɗauka. "Nasa shi ne layin da ke ƙarƙashin agogo."

Ta buɗe hoton da yatsu biyu. "Wannan wace manhaja ce?"

"Ƙyaure ne."

Ta bi layin agogo da bakin biro, tana haɗawa da takarda. Ta ɗauki lokaci, ba ta yi dariya ba, abin da ya sa ya ƙara ganin girmanta. Sannan biron ya tsaya.

"Waɗannan jajayen fa? Babu su a ƙyauren."

Inna na tsaye a bayan kujera riƙe da takalman Baba. Likitan Waya ya dube ta, ta dubi bango. In ya faɗa, ya karya alkawari. In ya yi shiru, wata biyar.

"Ba nasa ba ne," ya ce. "Na wani ne, kuma an riga an…"

"Na wata ne," in ji Baba. "Goma da rabi, a kicin. Ni ido ne ba ni da shi, Likita, kunnena ƙalau. Agogon da ke makara da daƙiƙa biyu ma ina jinsa, balle wannan mai gurnani."

Takalmi ɗaya ya faɗi daga hannun Inna. "Malam, ashe ba barci kake ba."

"Launin ne ban gani ba, amma ina jin ajiyar zuciyarki bayan ta huce. Wa kike tsammani ya mai da jakar ƙusar ƙasa, inda hannunki zai kai?"

"Baba, ka sani ka yi shiru?"

"Ta ɓoye min. In na faɗa na tona ta." Ya juyo wajen muryar ɗansa, ya ɗan kauce, yana fuskantar kabad ɗin magani. "Kai ka ce duk abin da aka auna yana zuwa aljihunka nan take. Na ce to, yaro zai gani ya zo. Kwana goma sha ɗaya ina kwance ina sauraron motarka."

 Likitan Waya ya ji wayar a aljihunsa kamar dutse.

Likita ta jawo tata na'urar ta ɗaura wa Baba. Duk suka zuba wa ɗamarar ido tana kumbura. Ɗari da talatin da shida.

"Ku cire masa hula," ta ce. "Mama, ke kuma ki zauna."

Aka tura Baba ciki. Su biyu suka zauna a bencin baranda, takalman a tsakaninsu. Ya ciro fom ɗin lamba bakwai daga jaka ya shimfiɗa a gwiwa. Gurabe goma sha huɗu duk a cike. Saura na ƙarshe a ƙasa: abar amincewa ce, e ko a'a. Ya cire murfin biro.

"Abin nan yana nuna lamba ko babu wayar?" in ji Inna.

"Yana nunawa."

"To, ka gaya wa Tela ya buɗe min layi a ƙyaurensa. Can ƙasa, inda sai an durƙusa. Kada ya zana komai a kai."

"Inna, duk wanda ya rufe ƙofar zai gani."

"Zai gani, amma sai ya zo da ƙafarsa." Ta gyara zaman takalman. "In ya ga ta hau kuma, Tela ba zai yi kwana goma sha ɗaya ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Darakta ne: e ko a'a kawai yake so, gobe da safe. Likitan Waya ya karanta, ya dubi gurbin, ya dubi ƙofar da aka shiga da Baba. Ya juya fom ɗin, ya rubuta lambar tambaya ta goma sha biyar a bayan takardar, ya sa mata ɗigo, ya tsaya da biro a hannu.